Taƙaitaccen Abin da Aka Tattauna kan Makunnin Katse Wuta na Hannu a Masana'antu

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar tattaunawarmu.

1. Kowa ya yarda cewa wannan makunni yana iya katse wuta ko da injuna suna aiki, saɓanin aisoleta (makunnin raba layi da wuta bayan an tsayar da injuna), wadda idan aka buɗe ta da lodi a kanta, wato injuna suna jan wuta, sai tartsatsi ya tashi ya ƙona hannu da fuska. Sifirin da ke cikinsa ne yake fizge haɗin nan take, komai sanyin hannun mai ja.

2. Makunnin ba ya katse wutar da ta haura saboda haɗuwar wayoyi, don haka dole a haɗa shi da fiyus ko bireka, masu katse wuta da kansu idan ta yi yawa.

3. Bayan an kashe, a sa kwaɗo, mai gyara ya riƙe makullin a aljihunsa, sannan a gwada da mitar gwajin wuta kafin a taɓa waya. A ganina nan muka fi sakaci.

An rabu kan girman makunnin, wato yawan wutar da zai iya ɗauka. Wasu sun ce a sayi daidai lodi, amma masu aiki a injinan casar shinkafa sun nace a ƙara, domin zafin Sakkwato a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke cika akwatin makunnin.