Majigin ladabi: ya gyara yaran Amurka ko bai gyara ba?

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Kwana uku ke nan ina kallon wasu tsofaffin fina-finai da ake nuna wa 'yan makaranta a nan Amurka, daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu har cikin shekarun 1960. Gajeru ne, kamar minti goma-goma, malami ya kashe fitila ya kunna majigi a cikin aji. Suna koyar da yadda ake gaisuwa, yadda ake bin layi, yadda za ka mayar da abin da ka ara. Kamfanin Coronet da ke kusa da Shikago ya yi su da yawa, wanda ya kafa shi David Smart ne, mai buga mujallar Esquire a lokacin. Ni dai na ce da wannan suka gina bin layi da kiyaye lokacin da muke sha'awa. Da za a yi mana irinsu da Hausa a riƙa nunawa a firamare, da rabin kukan da muke yi da yaran zamani ya ƙare.

Yaya Babba: Wa'alaikumus salam. Auta, ɗauki biro ka yi lissafi. Yaron da aka nuna wa fim ɗin yana ɗan shekara 8 a 1955, shekararsa 22 a 1969. Su waye suka tara gashi suka cika filin kiɗan Woodstock a shekarar, suna birgima cikin taɓo? Su waye suka riƙa ƙona takardar kiran soja don kada a kai su Biyetnam? Yaran majigin nan naka ne. Ban ce duk abin da suka yi laifi ne ba, amma in biyayya aka shuka, ba ita ta tsiro ba.

Auta: Yaya, kin ɗauko manyan abubuwa. Ni ƙanana nake nufi. Akwai wani da aka yi wajajen 1960 kan ladabin ɗakin cin abincin makaranta. Malama ta nuna wa yara wata 'yar tsana mai suna Mista Bungle, ba ya wanke hannu, ba ya taje kai, yana kutsawa gaban layi. Sai wani yaro ya ƙudura cewa shi ba zai zama Mista Bungle ba. Mene ne aibin wannan?

Taubashiya: Aibinsa ɗaya, Auta: Bungle ɗin aka riƙe, aka manta yaron kirkin. A 1985 wasu samari a Kalifoniya suka kafa ƙungiyar kiɗa mai hayaniya suka raɗa mata sunan 'yar tsanar. Kai ma yanzu sunan Bungle ka kawo mana, sunan yaron kirki fa? Ko da yake na san dalilin da ya sa ka ji shi a jikinka.

Gwaggo: Ke bar shi. Ni da nake riƙe da aji biyu na firamare, ina bayan Auta rabi. Yaro ɗan shekara bakwai, ka faɗa masa sau goma ya wanke hannu, iska ce. Ya ga wani yaro kamarsa ya yi, gobe zai yi. Amma fa yaran Coronet suna da famfo a bakin aji da sabulu. Ajina sun haura tamanin, buta biyu gare mu, wuta kuwa sai dai labari. In na nuna musu yara suna wanke hannu a famfo, famfon za su kalla.

Baba: Auta, abin da kake kira sabo mun gan shi muna yara. Motar majigi takan zo ƙofar hakimi bayan isha'i, a kafa farin ƙyalle, gari ya taru, mai fassara na bayani da lasifika. Turawa sun kafa sashen fim na mulkin mallaka tun 1939, ƙarƙashin wani William Sellers da ya yi aikin tsafta a Legas, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da nata. Salon iri ɗaya ne da Bungle ɗinka: ga mai wayo, ga wawa. Mai wayo ya share gida ya kai ɗansa asibiti, wawa ya ƙi ya yi asara. Akwai Baban Larai da aka yi kan noman auduga, har yau tsofaffi na tuna shi. To gaskiyar 'yar uwarka, wawan muke jira ya fito mu yi shewa. Amma abin da ya zauna mini ba hoton ba ne. Washegari malaminmu yakan tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya ya ce me ka gani, wa ya yi daidai, ya duba faratanmu. A garin da malami bai yi haka ba, majigi kallo ne kawai.

Yaya Babba: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ku bari in kawo wanda ya fi tsaya mini a rai, na 1950 mai suna A Date with Your Family, kan cin abincin dare a gida. Mai bayani yana cewa yara maza su tarbi ubansu kamar da gaske suna murnar ganinsa. Kamar fa! Kuma kada a tayar da zance mara daɗi a kan teburi. Wannan koyar da ladabi ne ko koyar da fuska biyu?

Baba: A nan ban bi ki ba. Ke da aka koya miki durƙusawa ki gai da kakarki kina shekara uku, kin san ma'anarsa? Kwaikwayo kika fara yi, ƙaunar ta tarar da ke a durƙushe. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, a ce a bar shi ya ci abinci kafin a kawo masa ƙara, wannan ba munafunci ba ne. Mu ma haka muke yi, ba mu dai ɗauka a fim ba.

Yaya Babba: Na karɓa, Baba, a kan gaisuwa. Amma ku dubi fuskokin da ke cikin fina-finan, kusan dukkansu fararen fata ne, gida mai kyau, uwa a kicin. A 1960, daidai lokacin da ake koya wa yara kada su ture juna a layi, wata yarinya baƙar fata 'yar shekara shida, Ruby Bridges, sai da jami'an gwamnatin tarayya suka raka ta makarantar fararen fata a New Orleans, manya na tsaye a bakin ƙofa suna zaginta, iyaye suka kwashe 'ya'yansu daga ajin. Yaran nan sun kalli majigi, sun kuma kalli iyayensu.

Auta: Laifin iyayen ne, ba na fim ba. Don manya sun karya doka ba a fasa koyar da ita.

Gwaggo: Ba a fasawa, amma ni ce ke shan wahalar. Makon jiya na gama jera su a layin karɓar littafi, sai ga wani uba ya shigo ba sallama, ya wuce gaban kowa ya ce a ba ɗansa yana sauri. Yara tamanin suna kallo. Wane fim zan nuna bayan wannan? Duk da haka turo mini na Bungle ɗin, zan gwada musu a waya rukuni-rukuni, in yi musu fassara da bakina yadda Babanku ya ce ana yi da.

Auta: Zan turo, Gwaggo. Kyauta suke a shafin intanet na Internet Archive. Wani Rick Prelinger ne ya tattara dubbansu lokacin da makarantu ke zubar da su, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya karɓi tarin a 2002.

Taubashiya: Ka haɗa da na mayar da kayan aro ɗin nan da ka ambata. Akwatin Yaya da ka tafi da shi, bana shekara uku.

Yaya Babba: Huɗu.