Maigidana yana cire takunkumin na'urar numfashi cikin dare, ina neman shawara

Maman Sadiya, Rikkos:

Assalamu alaikum. Don Allah duk wanda ya san na'urar nan ta CPAP, wadda ke taimaka wa mutum numfashi cikin barci, ya taimaka min. Maigidana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Jos da Abuja. Ya daɗe yana minshari, mun ɗauka gajiyar hanya ce. Hankalina ya tashi ne da na lura yana yin tsit a tsakiyar minsharin, ƙirji na motsi amma iska ba ta wucewa, sai can ya zabura yana haki. Da safe ciwon kai, ga hawan jini da ya ƙi sauka duk da magani. Har abokin aikinsa ya ce ya gan shi yana gyangyaɗi a kan sitiyari wajen Akwanga.

An yi masa gwajin barci a Abuja, likita ya ce numfashinsa na tsayawa fiye da sau 30 a awa guda, wai mataki mai tsanani ke nan. Muka kukkuta muka sayi na'urar. To hunturu ya shigo, kullum tsakar dare sai ya fizge takunkumin, wai iskar na da sanyi, hancinsa na bushewa har ya yi jini. In an ɗauke wuta kuwa shi ke nan. Ya fara cewa kuɗinsa sun tafi a banza. Ni kuma ba na iya runtsawa in ya kama hanya.

Baban Yara, Kubwa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gaya masa wani ɗan'uwansa mai irin lalurar ya ce kada ya karaya, farkon ne ke da wuya. Ki duba jikin na'urar, yawanci akwai ɗan tankin ruwa da ke dumama iskar ya sa mata danshi. A hunturu dole a ƙara ƙarfinsa. Tiyon kuma a tura shi ƙarƙashin bargo, don da sanyinku na Jos tururin kan koma ruwa a ciki ya riƙa ɗigo masa a fuska.

Akwai maɓallin da ke sa iskar ta fara a hankali, sai mutum ya yi barci ta kai ƙarfinta. Ni abin da ya fi taimakona shi ne sa takunkumin da yamma ina zaune ina jin labarai, har fuskata ta saba. Ranar da na fara tashi sallar Asuba kaina wasai, na san ba zan sake kwana babu ita ba.

Ɗan Dilimi:

Minshari ai gado ne, kakanninmu sun yi kuma sun tsufa lafiya. A ba shi zuma da habbatus sauda.

Ma'aikaciyar jinya, Jos:

Malam, zuma na da amfaninta, amma ba za ta buɗe maƙogwaro ba. Minshari daban, tsayawar numfashi daban. Idan mai wannan lalurar ya yi barci, naman maƙogwaro da gindin harshe su saki, su toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi ya ja numfashi, ya koma, a sake. Shi bai ma san ya farka ba. Wannan ne ke wahalar da zuciya, yake hana hawan jini sauka, yake ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sau 5 zuwa 15 a awa mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, nasa kuwa ya haura.

Maman Sadiya, na'urar ba oksijin take ba shi ba, iskar ɗakinku take turawa da matsi don hanyar ta zauna a buɗe. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a 1981. Ba ta warkar da ciwon, daren da bai sa ba ciwon na nan. Likitoci na so a sa ta aƙalla awa 4 a dare, duk daren ya fi.

Tunda iskar ɗaki take zuƙa, ki duba ƙaramar matatar da ke bayanta, ƙurar hunturu na cika ta da wuri. Ki zuba tataccen ruwan da ake sayarwa a kemis, ba ruwan batir ba. In bakinsa na buɗewa cikin barci, iskar ta nan take gudu, shi ya sa bushewar. A koma wa likita a canza masa takunkumi mai rufe hanci da baki, a kuma duba ko matsin ya yi yawa. Kada ya sha maganin barci. Sannan ina roƙonki, ki lallaɓa shi ya dakata da doguwar tafiya har barcinsa ya daidaita. Rayukan mutane ne a bayansa.

Mai Sola, Terminus:

Batun wuta da sauƙi Hajiya. Na'urar ba ta cin wuta sosai, abin dumama ruwan ne ke ja. Ƙaramar inbata da batir mai kyau za su kai ku asuba. In ta hannu kuka saya, ku duba sunanta. A 2021 kamfanin Philips ya janye wasu na'urorinsa saboda soson da ke ciki yana ruɓewa mutum ya shaƙa.

Maman Sadiya, Rikkos:

Allah ya saka muku da alheri. Tamu ta kamfanin ResMed ce, sabuwa. Na ciro matatar yanzu, ta koma ruwan ƙasa. Na karanta masa abin da Baban Yara ya rubuta, ya yarda ƙaninsa ya riƙe motar har mu ga likita. Malam Mai Sola, batir mai girman nawa zan tambaya in na shiga kasuwa?