Badaƙalar Windrush: laifin minista ne ko na manyan ma'aikata?

Ɗalibin kimiyyar siyasa:
Assalamu alaikum. Ina nazari a kan badaƙalar Windrush ta Birtaniya (sunan wani jirgin ruwa ne da ya kawo mutanen yankin Karibiyan ƙasar), inda aka mayar da mutanen da suka shekara 40 ko 50 a ƙasar bisa halas tamkar baƙin haure, aka raba wasu da aikinsu, aka tsare wasu, har aka tasa ƙeyar aƙalla mutum 83. Ministar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus a Afrilun 2018, amma ban ga alamar cewa ita ta shuka abin ba. Shin manufar shige da fice daga bakin 'yan siyasa take fitowa, ko daga teburin manyan ma'aikatan da ba a zaɓe su ba?

Tsohon ma'aikacin gwamnati:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, kuma abin da na gani shi ne minista baƙo ne, babban sakatare da daraktocinsa su ne 'yan gida. Dubi maganar katunan sauka da aka cike wa mutanen Karibiyan lokacin da suka iso Ingila. A 2009 jami'an hukumar kula da iyakoki suka yanke shawarar lalata su, aka aiwatar a 2010, wato gwamnati ta sauya hannu a tsakani amma shawarar ofis tana nan daram. Dokar 1971 ta riga ta ba waɗanda suka zauna kafin Janairun 1973 izinin zama na dindindin, sai dai ba a damƙa wa yawancinsu takardar shaida ba. Daga baya ma'aikatar cikin gida, wadda ta kasa ajiye nata bayanan, ita ce ta riƙa neman dattijo ya kawo takardu na kowace shekara da ya yi a ƙasar. Wannan hali na san shi sarai: fayil ya fi mai fayil daraja, kuma ƙaramin ma'aikacin da ya ɗaga murya shi ake kira mai taurin kai.

Lauya daga Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin kun sassauta wa 'yan siyasa. David Cameron, wanda ya zama firaminista a 2010, shi ne ya yi alƙawarin rage rarar masu shigowa ƙasar a kan masu fita zuwa ƙasa da dubu 100 a shekara, Theresa May kuma, ministar cikin gida ta lokacin, ita ta faɗa a 2012 cewa burinta a ƙuntata wa baƙin haure rayuwa. Dokokin 2014 da 2016 da suka sa masu ba da hayar gida da bankuna binciken takardun mutane, majalisa ce ta zartar da su. Abin da zan yarda da shi shi ne iska ce ta tarar da kaba tana rawa, domin ofishin da ake auna ƙwazonsa da adadin mutanen da ya kora ba zai tsaya tantance mai gaskiya ba. Wannan adadi ne ma ya ci kujerar Rudd, bayan ta shaida wa kwamitin majalisa cewa babu shi, sannan takardu suka nuna akwai.

Tsohon ma'aikacin gwamnati:
'Yata, ban wanke su ba. Sai dai ki duba rahoton Wendy Williams, wadda gwamnati ta sa ta binciki badaƙalar, na Maris 2020. Ba ta yanke hukuncin cewa ma'aikatar ta ginu a kan wariyar launin fata ba, amma ta same ta da jahilci da halin ko-in-kula game da launin fata da tarihin mutanen da ƙasar ta yi wa mulkin mallaka, ta kuma lura cewa baƙaƙen fata sun yi ƙaranci a manyan muƙamai. Shawarwari 30 ta bayar, gwamnati ta ce ta karɓe su duka, sannan a Janairun 2023 ministar cikin gida ta lokacin, Suella Braverman, ta yi watsi da uku, ciki har da naɗa kwamishinan da zai riƙa magana da yawun baƙi. A wannan kam, na sallama miki, hannun minista ne.