Mahaifiyarmu ta fara ƙwarewa da abinci, ga ciwon mantuwa ya yi nisa

'Yar Garwa (arewacin Kamaru): Salamu alaikum. Hajiyarmu ba ta gane mu, ta daina tashi, yanzu ko ruwa ta sha sai tari. Yaya za mu yi?

Ma'aikaciyar jinya daga garin Marwa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ku lada. Maƙogwaronta ne ya yi rauni, ruwa tsararo yana zarcewa huhu ya jawo namoniya. Ku zaunar da ita tsaye, haɓa ƙasa kaɗan. Kunu mai kauri, ƙaramin cokali, sai ta haɗiye ku ƙara. Kada ta kwanta sai bayan minti 30, kuma ku duba kumatu, abinci yana maƙalewa can. Zazzaɓi ko numfashi sama-sama, asibiti nan take.

Ɗan Ngaundere: Ku juya ta duk awa 2, har da dare, saboda gyambon kwanciya. Ku duba diddige, ƙugu da tsatso. Wurin da launinsa ya sauya, kada ku murza, ku ɗauke masa nauyi da matashi. Ledar shimfiɗa ba zane a kai tana tara zufa.

Wata uwa: Zafin Garwa a Afrilu ya wuce digiri 40. In fitsarinta ya yi duhu, ruwa ya gaza a jikinta. Ku raba kwanan jinya, kada ya zama mutum ɗaya.