Me ya kayar da hannun jarin AB InBev: ƙaurace wa Bud Light ko bashi?

Sanusi: Ni dai har gobe ina nan a kan bakata. Ƙauracewar da Amurkawa suka yi wa giyar Bud Light daga Afrilun 2023, saboda tallar nan da aka yi da Dylan Mulvaney, mai tashe a kafafen sada zumunta da ta sauya jinsi, ita ta durƙusar da AB InBev, kamfanin da ke yin giyar. Giyar da ta fi shekara 20 tana kan gaba a Amurka, cikin 'yan watanni giyar Modelo Especial ta sha gabanta.

Hajiya Rabi: Malam Sanusi, koma baya kaɗan. A 2015 farashin kowane hannun jari ya haura yuro 120. Kafin rikicin Bud Light ya ɓarke, yana kusan 60. Wa ya cinye rabin? Ba masu ƙauracewa ba ne.

Sanusi: To wane ne, Hajiya?

Hajiya Rabi: Bashi. A 2008 InBev ta sayi Anheuser-Busch, masu Bud Light, a kan dala biliyan 52, suka zama AB InBev, abin ya yi mata kyau, sai ta ji daɗi. A 2016 ta haɗiye SABMiller, wani babban kamfanin giya, a kan sama da dala biliyan 100, bashin da ke kanta shi ma ya haura biliyan 100. Kuma ga inda gizo ke saƙar: bashin da dala da yuro aka ciyo shi, ciniki kuwa mai yawa da kuɗin Brazil da na Afirka ta Kudu ake yin sa. Da waɗannan kuɗaɗe suka faɗi, kaya ya ƙara nauyi. A Oktoban 2018 aka zabtare rabin ribar da ake raba wa masu hannun jari, a 2020 aka sake ragewa. Har reshen Ostareliya sai da aka sayar wa kamfanin Asahi na Japan don rage bashi.

Malam Idi: Wai ku, kamfanin giya kuke wa lissafi haka? Ko kyauta aka ba ni hannun jarinsa ba na so.

Hajiya Rabi: Babu mai shirin saye, Malam. Karatun kasuwa ne kawai.

Bala: Ai a gida ma mun gani. International Breweries, masu Trophy da Hero, nasu ne, ta hannun SABMiller suka gaje shi. Bashin dala, cinikin naira. Da naira ta karye sai asara a kan asara, har sai da suka nemi sabon jari daga masu hannun jari a 2024.

Sanusi: Na ji. Amma Amurka ce inda riba ke da kauri. Kwalba ɗaya a can ta fi kwalabe da yawa a Legas. Kuma abin takaicin, Modelo tasu ce a wasu ƙasashe, amma a Amurka ba tasu ba ce, ta kamfanin Constellation Brands ce, tun da hukumar Amurka ta tilasta musu sakin ta a 2013. Duk wanda ya sauya, wani ya kai wa kuɗinsa.

Bala: Wannan kam ka yi gaskiya, Yaya Sanusi. Sai dai duk da haka cinikin kamfanin a 2023 ya kai kusan dala biliyan 59, bai yi ƙasa da na 2022 ba. Wanda aka durƙusar ba ya haka.

Sanusi: Ciniki daban, riba daban. Ku duba ribar reshen Amurka ta Arewa a waccan shekarar, sannan mu dawo.