Wane katin banki zan riƙe zuwa Umara wanda ba za a yi ta yanka ta da caji ba?

Salam 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Zan raka Hajiyarmu Umara in sha Allahu, kuma bana son yawo da riyal da yawa a jiki, ga cunkoson Harami. Katin naira nake da shi, Verve ne, an ce min can ba zai yi aiki ba sai Visa ko Mastercard. Na je bankinmu suka ce katin naira ya dawo aiki a waje amma akwai iyaka, kuma farashin dalarsu ba irin na 'yan canjin Wapa a Kano bane, ga cajin ATM na can daban, ni dai kaina ya kulle wallahi.

Shin in buɗe asusun dala ne in karɓi katinsa, ko kuwa akwai ƙarin caji tunda daga dala za a juya zuwa riyal? Sannan idan POS ya tambaye ni riyal ko dala, wanne zan danna? Wani ya ce riyal ya fi sauƙi.

Kuɗin otal da maganin Hajiya ne damuwata. Wanda ya je kwanan nan don Allah ya faɗa min katin da ya yi masa aiki.