Digirin injiniyan sinadarai: yana mayar da kuɗin da aka kashe? Waɗanda suka karanta shi su ba mu labari

Yayan Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Ƙanina ya samu gurbin karatu a ABU Zariya, fannin injiniyancin sinadarai, wanda aka fi sani da kemikal. Mahaifinmu ya rasu, nauyin karatunsa a wuyana yake. Kawunmu yana da shago a Kantin Kwari, ya ce a ba shi yaron, kafin shekara biyar ɗin da zai yi a Samaru ta cika zai sallame shi da jarinsa. Ni kuma na san yaron yana da kai, lissafi ba ya ba shi tsoro. Ba na so in yanke masa hukunci da son raina. Don Allah waɗanda suka karanta fannin nan ku faɗa mini gaskiya: me kuka kashe, me kuka samu, kuma bayan shekara nawa?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan Baba. Fara da gyara lissafin: shekara biyar a takarda take. Mu da muka shiga 2017, korona da yajin aikin ASUU sun cinye mana 2020, wani yajin ya sake ɗauke wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk wannan zaman gida ana ci ana sha a aljihun wani. Na yi bautar ƙasa ana biyan alawus naira 33,000, yanzu ya koma 77,000. Yau ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar kuɗi, albashina bai kai mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Na cika fom ɗin neman aiki ya fi a ƙirga, sau biyu kacal aka kira ni jarrabawa. Ban yi nadamar karatun ba, amma har yau bai fara biyana ba.

Injiniyan Tanderu:
Ƙanina Ɗan Samaru, abin da ka faɗa gaskiya ne, ni ma na bi ta nan. Bari in tambaye ka: ina ka yi aikin sanin makama na wata shida a aji huɗu? Ni a nan rayuwata ta juya.

Abokaina da yawa sun nemi ofis kusa da gida, su sa hannu da safe su koma. Ni na nace sai masana'antar siminti, a wani ƙauye da ko haya ba ka samu cikin sauƙi. Wata shida ina bin wani dattijon ma'aikaci da bai yi jami'a ba, amma da ya kalli kalar wutar tanderu ta gilashi zai ce maka an ƙara gawayi da yawa. Tanderun nan doguwar ganga ce kwance tana juyawa a hankali, a cikinta ake gasa garin farar ƙasa da laka har zafi ya kai wajen digiri 1,450, su dunƙule su zama tsakuwar da ake niƙawa da jibsam, wani farin dutse mai laushi, ta zama siminti. Ranar da na ga lissafin shigar kaya da fitarsu da muka yi ta haddacewa a aji ya bayyana a allon ɗakin sarrafawa, ranar na gane abin da nake karantawa.

Bayan bautar ƙasa masu masana'antar su suka kira ni, domin sun san fuskata. Shekara uku ina kwantiragi, aikin karɓa-karɓa, dare da rana, sallah biyu na yi a bakin aiki. Kuɗin ba ya wuce ci da haya. A lokacin wani abokina da ya shiga kasuwar waya ya riga ya sayi mota. Sai a shekara ta huɗu aka tabbatar da ni, nan fa abubuwa suka canza: gida, asibiti na iyali, fansho, kuɗin ƙarin lokaci. Na yi rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, wadda ita ce ke ba ka ikon kiran kanka injiniya a hukumance, kuma ta taimaka wajen ƙarin girma. Yanzu shekarata goma sha ɗaya, na gina gida, na kai mahaifiyata Makka, ƙannena biyu ni na yi musu karatu.

Yayan Ɗalibi, abin da zan ce maka: wannan digiri ba ya biya da wuri, kuma takardar kaɗai ba ta biya. Wanda ya taɓa injin yana ɗalibi shi ake ɗauka.

Maman Hanan:
Ni ban taɓa shiga masana'antar kowa ba. Na gama, aka yi aure, maigida ya ce ba zai yiwu in tafi kudu ba, na kuma fahimce shi. Na fara sabulu a bayan gida da robar fenti guda biyu. Mata da yawa suna yi, amma da ido suke auna soda, shi ya sa wani sabulun ke cin hannu, wani kuma ya narke cikin kwana uku. Ni ina lissafa yawan sodar da man alayyadi ke bukata, in auna da sikeli, in gwada kaifinsa kafin ya fita. Wannan bambancin ne ya sa makarantun kwana guda biyu suka riƙe ni. Rajistar NAFDAC ta ɗauke ni lokaci da kuɗi, amma da ita na shiga manyan kantuna. Yanzu yara shida ke aiki a ƙarƙashina. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsadar kayan haɗi tun faɗuwar naira a 2023, kusan komai daga waje yake zuwa.

Dattijon Kakuri:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. A zamaninmu aiki ne ke jiran injiniyan sinadarai a Arewa. An buɗe matatar man Kaduna a 1980, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa ganga 110,000 a rana. Masaƙun Kakuri suna rini dare da rana, majemun Sharaɗa da Challawa a Kano suna ɗiban mutane. Yau masaƙun sun rufe, matatar ta daɗe ba ta tace mai yadda ya kamata.

Aikin bai mutu ba, ƙaura ya yi. Matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ganga 650,000 a rana, an ƙaddamar da ita a 2023. Kusa da ita akwai masana'antar takin yuriya mai tan miliyan 3 a shekara. Ga kamfanin sinadarai da taki na Indorama a Eleme kusa da Fatakwal, ga kamfanin iskar gas na NLNG a Bonny. A nan Arewa abin da ya rage mana shi ne siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana, sukari a Numan, tashoshin tace ruwan sha, da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Zariya. In bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya fara aiki, ana fatan masana'antu su farfaɗo, amma kada a gina makomar yaro a kan abin da bai zo ba. Tambayar da za ka yi wa ƙaninka ita ce: zai iya zaman Legas ko Fatakwal shekara goma? In mahaifiyarku ba za ta yarda ba, a sani tun yanzu.

Ɗan Damagaram:
Daga Nijar nake. Matatar SORAZ da ke kusa da mu ta fara aiki a 2011, ganga 20,000 a rana. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa. Na karanta a Najeriya, na jira shekara biyu ban samu ba, yanzu ina duba ingancin man gyaɗa a wani ƙaramin kamfani. Ina rufin asiri, alhamdulillahi.

Yayan Ɗalibi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Dattijo, na karanta wa Hajiya maganarka a daren jiya. Ta yi shiru, sannan ta ce in dai yana kiran waya kuma yana zuwa sallah, ta yarda. Mun kuma yi magana da Kawu: yaron zai tafi Samaru, duk hutu kuma yana shago. Zan sa shi ya nemi bashin ɗalibai na NELFUND don a rage mini kuɗin rajista.

Ɗan Samaru:
Injiniya, amsar tambayarka: a sakatariyar ƙaramar hukuma na yi wata shidan nan, ban ga injin ko ɗaya ba. Yanzu da na riga na gama, akwai hanyar da zan shiga masana'anta ko da a matsayin mai koyo ne? Na yarda da kwantiragi, na yarda da aikin dare.

Injiniyan Tanderu:
Akwai. Duk shekara muna tsayar da tanderu don gyara, a lokacin 'yan kwangila ke ɗiban hannu na 'yan makonni. Aikin ƙura ne da zafi, amma a nan manya ke ganin mutum. Turo mini takardunka ta saƙo, kuma ka tanadi takalmin aiki mai ƙarfe a baki.